Matambayi Ba Ya Ɓata: Tulunan Rumawa da Cikin Sojan Bakin Iyaka

Wasiƙu biyar muka ware a wannan fitowa, daga Tawa da Yamai, dukkansu a kan tukwanen ajiya na tsohuwar daular Rum da yadda sojan da aka kai gadin iyaka yake samun ci da sha. Malaman tarihi da masu binciken kufai ne suka haɗa amsoshin.

Daga wani malamin makaranta a Tawa: A littafin ajinmu akwai hoton dogon tulu na Rumawa mai hannu biyu, gindinsa da tsini. Yara sun tambaye ni yadda yake zama bai faɗi ba, na rasa abin cewa.

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka gaya wa yaran cewa wannan tulu ba na zaman ɗaki ba ne, na tafiya ne. Sunansa amfora, kuma aikin da bido da tano suke yi mana yau shi yake yi musu: a zuba giyar inabi, ko man zaitun, ko romon kifi mai gishiri, a toshe baki, a loda a jirgin ruwa. A cikin jirgin ake ganin ranar tsinin. Ana jera sahun farko a tsaye, a cusa rassan itace a tsakani don kada su gogi juna, sannan a kawo sahu na biyu, tsinin kowane tulu ya nutse a gurbin da ke tsakanin kafaɗun na ƙasa. Da haka kaya ke kulle kansu, ruwa ya yi ta jijjiga jirgi ba abin da zai mirgina. Wani jirgi da ya nutse kusa da Giens a kudancin Faransa, a ƙarni na farko kafin Miladiyya, an same shi da tuluna kusan 6,000 a jere hawa uku.

Tsinin kuma shi ne hannu na uku. Mai tsiyaya yana kama hannun sama, ya ɗaga gindin da ɗaya hannunsa. Nan ne ya fi kauri, in an dire tulu da ƙarfi shi ke shan bugu. Faffaɗan gindi kuwa, kowace maginiya ta san shi ne farkon abin da ke tsagewa wajen bushewa, don gindi da bango ba sa janyewa tare. In tulu ya sauka, sai a kafa shi cikin rairayi ko a jingina shi da bango. Randarmu ma ai sai an yi mata gurbi take zama. Inda hanyar ta kogi ce da amalanke, kamar a kudancin Faransa, sun gina wani iri mai ƙaramin gindi a baje, bangonsa siriri, suna naɗe shi da ciyawa don kada ya fashe.

Amma wanda ya kamata yara su sani shi ne tulun man zaitun na kudancin Sifaniya, don shi ya fi yawa a sansanonin sojan arewacin daular. Masana suna kiransa Dressel 20, da sunan Bajamushen nan Heinrich Dressel wanda ya tsara siffofin tulunan ya ba su lamba a 1899. Shi ba dogo ba ne, ƙundumeme ne kamar randa. Ana gina shi a bakin kogin da ya ratsa Kurɗuba da Ishbiliya: ciki daban, wuya daban, a haɗa tun yumɓu bai bushe ba, a manna hannaye biyu masu kauri, a toshe ɗan ramin gindi da curin yumɓu. Nauyinsa babu komai a ciki kusan kilo 30 ne. Yana cin mai kusan kilo 70, wato bido uku na lita 25 da ɗan ɗori. Cike da mai, buhun gero ne mai kilo 100, sai mutum biyu da sanda.

Abin da ya fi burge mu da shi rubutun jikinsa ne, da baƙar tawada, kowane a wurinsa. A wuya, nauyin tulu kafin a zuba komai. Ƙasa da shi, sunan ɗan kasuwar da ya yi lodi. A tsakiyar ciki, nauyin man kaɗai, kuma lambar da ta fi fitowa ita ce 216 a awonsu, kowane awo gram 327. Kusa da hannu kuma akwai ƙananan rubutu na ma'aikacin da ya duba awon, da garin da aka duba, sau da yawa har da shekarar. Hatimin masu ginin yana kan hannu, an buga shi tun yumɓu yana ɗanye. Wato magatakardan sansani da ke karɓar kaya a arewacin Ingila yana iya aunawa ya cire nauyin tulu, ya gane ko an sha man a hanya.

Daga wata maginiya a karkarar Tawa, ta hannun ɗanta: Na zuba man gyaɗa a tulun da na gina, kwana kaɗan ya tsattsafo waje. Da na ƙara sabo, ya yi maƙaƙi. Su da suke tafiyar watanni da mai, yaya suke yi?

Inna, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Ba laifin hannunki ba ne. Yumɓun da aka toya yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Su ne ke sa randa ta yi gumi, iska ta busar da gumin, ruwa ya yi sanyi. Abin da ya zama alheri ga ruwa shi ne masifa ga mai.

Rumawa sun raba maganin gida biyu. Na giya da romon kifi, suna shafe cikin tulu da baƙin danƙo, wanda ake samu in an dafa ƙaron wani itace na ƙasashen sanyi. Wani manominsu mai suna Kolumela, a ƙarni na farko Miladiyya, ya rubuta yadda ake yi wa manyan randuna. A fara kwana 40 kafin girbin inabi. A shanya randa a rana na kwanaki. A kife ta a kan ƙananan duwatsu uku, kamar murhu, a hura wuta a ƙasa har gindinta ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba. Sannan a kwantar da ita, a zuba tafasasshen danƙo, a yi ta mirginawa har ya game ko'ina. Randar da ke cin lita kusan 780, ya ce danƙo kilo 8 ya ishe ta. Ya kuma ja kunne cewa a zaɓi ranar da ba iska, don in iska ta bugi randa mai zafi a gefe ɗaya sai ta tsage. In randar ba ta yi zafi sosai ba, danƙon ba ya shiga ƙofofin, yana daskarewa a sama ne ya ɓantare daga baya.

Na mai kuwa danƙon nan ba ya yi, don mai yana narkar da shi ya ɓata ɗanɗano. Wani dattijonsu mai suna Kato, a ƙarni na biyu kafin Miladiyya, ya ba da wata hanya da za ki gane sarai. A cika sabuwar randa da baƙin ruwan da ke fita wajen matsar zaitun, ta kwana bakwai, kullum ana ƙara abin da ta sha. A zubar, a bari ta bushe. A jiƙa ƙaro ya kwana, washegari a dama shi. A ɗumama randar da ƙananan itace, ɗumi kawai, ba zafin da ake yi wa danƙo ba. A zuba ƙaron a shafe ciki da shi. Babbar randa tana cin ƙaro kilo ɗaya da ɗan kai. Hikimar ita ce ƙaro yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a mai, danƙo kuma akasin haka. Don haka tulun da aka yi wa ƙaro ba a wanke shi da ruwa, ba a kuma zuba masa abu mai ruwa.

Duk da haka mai yana shiga bango a hankali, ya tsufa a can, ya lalata duk wanda aka zuba bayansa. Maƙaƙin da kika ji ke nan. Rumawa ba su sami maganin wannan ba, shi ya sa tulun Sifaniya tafiya ɗaya yake yi da mai. A birnin Roma, bayan an juye man, sai a fasa tulun a jera tsingaron a wuri ɗaya, ana barbaɗa farar ƙasa don wari. Wurin ya zama tudu mai tsawon mita 35, ana kiransa Testaccio, kuma an ƙiyasta tuluna miliyan 53 ne a cikinsa. Har yau yana nan.

Abin da za ki ɗauka: ki goge cikin tulun mai da dutse tun yana da ɗan laushi har ya yi sheƙi, ki ba shi wuta fiye da ta randar ruwa, ki yi masa ƙaro, ki riƙa zuba mai kaɗan wanda zai ƙare da wuri. Kada a kusantar da kwaltar hanya ko fenti ga abin da za a ci. Haka ma dalma. Rumawa suna ɗinke tsagaggiyar randa da narkakkiyar dalma, don babbar randa tana da tsada, amma dalma guba ce mai taruwa a jiki, ta fi cutar da yara.

Wani abu kuma, Inna. Tukunyar girkin da sojan iyakar Ingila ya fi dogara da ita ba a kan faifai mai juyawa aka gina ta ba. Da hannu aka gina ta a kudancin ƙasar, a yankin Dorset, da yumɓu mai yashi, a goge ta, a ja mata layuka masu gilma juna, a toya ta a fili hayaƙi ya baƙanta ta. Daga wajen shekara ta 120 Miladiyya ta yi fiye da shekara 200 ana kai ta arewa. Yashin ne ke sa ta jure wuta, kamar yadda dakakken tsingaro da ƙaiƙayi suke yi wa taki.

Daga wani tsohon soja a Yamai: Wanda ya yi zaman bariki a daji ya san in motar abinci ta makara ba zaman lafiya. Me sojansu yake ci, nawa ake ba shi, kuma a randuna suke ajiye hatsin?

Baba, ranka ya daɗe. Mu fara da ta ƙarshe: a'a. A sansanonin arewa hatsi ba ya zama a randa, rumbu ake gina masa. Randa ta isa gida, ba ta isa bataliya ba. Ga lissafin. Rabon sojan ƙasa, kamar yadda marubucin nan Polibiyus ya faɗa, ya kama kilo 26 na alkama a wata, wato wajen gram 850 a rana, tiya ɗaya a kwana uku. Sansani mai mutum 500 zai ci kilo 425 kullum, a shekara buhu 1,550 masu kilo 100, ban da sha'irin dawaki. Kuma an rubuta cewa gwamna Agirikola, wanda ya kafa sansanoni a arewacin Birtaniya, yana tanadar musu abincin shekara guda.

Rumbunsu dogon ɗaki ne, amma dabarar irin ta rumbun Adar ce da ake ɗorawa a kan duwatsu. Daɓen yana zaune a kan ginshiƙai ko gajerun bangaye, akwai ƙofofin iska a ƙasa, bango mai kauri da madogarai a waje, rufi ya zarce sosai don ruwan sama ya zuba nesa, ga dakali a bakin ƙofa inda amalanke ke sauke kaya. A sansanin Housesteads da ke kan ganuwar sarki Hadiriyan ta arewacin Ingila, wadda aka fara a shekara ta 122 mai tsawon kilomita 117, ginshiƙan suna nan a tsaye. Dalilin duk wannan wahala shi ne hatsi yana numfashi. In ya sha laima sai ya ɗau zafi, zafi ya kira fumfuna da ƙwari, ko ya tsiro. A birnin York na Ingila an tono wani ɗakin ajiya da ƙwarin hatsi suka cinye har aka rushe shi, aka shafe wurin da laka mai kauri, sannan aka sake gini a kai.

Babu babban ɗakin girki na kowa da kowa. Mutum takwas ne ke zama tare, ɗaki biyu: na gaba don makamai da kaya, na baya don kwana, da ɗan murhu. Tsabar alkama ake ba su, su niƙa da kansu a dutsen niƙa mai juyawa, su yi fate ko gurasa. Tandunan gurasa suna jikin ganuwa daga ciki, nesa da ɗakunan katako saboda gobara. A wannan ɗaki ne tukwane suke aiki: tukunyar girki, tulun ajiya madaidaici, wani kasko mai baki da aka dasa wa tsakuwa a ciki don niƙa kayan miya, da jan akushi mai sheƙi daga Faransa wanda soja ke karce sunansa a gindi don kada abokin ɗaki ya ɗauke. In akushin ya fashe ba a yar da shi, a huda a ɗinke. Abin haɗawa kuwa cuku ne, da kitse da naman alade, da naman shanu da tumaki, da gishiri. Abin sha na yau da kullum tsamammiyar giyar inabi ce da aka tsinka da ruwa. Giya mai yawa tana zuwa arewa ne a manyan gangunan katako, waɗanda in sun tsufa ake jera su cikin rijiya su riƙe bango.

Mun san fiye da haka saboda wani sansani mai suna Bindolanda, kudu kaɗan da ganuwar. A 1973 Robin Birley ya fara tono wasu siraran alluna na itace, girman tafin hannu, da rubutun tawada, na wajen shekara ta 100. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da iska ba ta shiga ce ta adana su. Ɗaya rahoton ƙarfin bataliya ne, kuma kai da ka yi aikin za ka gane shi: mutum 752 a takarda, 456 ba sa nan, 337 daga cikinsu an tura su wani sansani. Saura 296, a ciki 15 ba lafiya, 6 sun ji rauni, 10 ciwon ido. Masu iya fita 265. Wani allon saƙon cefane ne na gidan babba: kaji 20, tufa 100 in an sami masu kyau, ƙwai 100 ko 200 in farashi da sauƙi, da romon kifi, da zaitun. Wani ya nuna soja ya sayi masoro, wanda daga Indiya yake zuwa. Wani ƙaramin hafsa da aka tura waje da mutanensa ya rubuto wa kwamanda yana neman umarni, a ƙarshe ya ƙara da cewa giyar hatsin ƴan uwansa ta ƙare, a taimaka a aiko. Akwai kuma ɗan kwangila Oktabiyus da ya sayi zangarniya mudu 5,000 na awonsu, kowane mudu kusan lita 9, ya ba da kafin alƙalami dinari 300, yana roƙon a aiko masa da 500 kada kuɗinsa su nutse ya ji kunya. A wasiƙar ya ce bai je ɗauko fatu ba don hanya ta lalace, ba ya son ya wahalar da dabbobi. Ga motarka da ta makara, Baba.

Tulun man da aka juye a sansani ba ya zuwa juji nan da nan. Ana sare wuyansa a mai da shi mazubin ruwa ko na wani abu, a wasu wuraren gadi kuma a binne rabinsa ya zama wurin fitsari.

Daga wata ɗaliba a Jami'ar Abdu Mumuni, Yamai: Kullum misalin Turai ake kawo mana. Ba su da sansani a bakin Sahara ne? Kuma tulunan sun iso ƙasarmu?

Malama, suna da su, kuma wanda ya fi ba da labari yana Libiya, a Bu Nujem, kan hanyar da ta taso daga gaɓar teku ta nufi Fezzan. An gina shi a shekara ta 201, zamanin sarki Sabtimiyus Seberus, wanda shi kansa haifaffen Libiya ne, daga Lebtis Magna. An bar shi wajen shekara ta 263. Bafaranshe René Rebuffat ya tone shi daga 1967. A can itacen yin allo ba ya samuwa, sai magatakarda suka koma ga abin da ke zube ko'ina, wato tsingaron tulu. An sami kusan 150 masu rubutu a ofishin sansanin, yawancinsu na shekarun 250.

Wasu rahoton safe ne. Mutanen ba su da yawa, hamsin da wani abu, an rubuta aikin kowa: mai gadin ƙofa, mai hasumiya, magini, masu tanderu, masu hura wutar gidan wanka, marasa lafiya, da wanda ke wurin horo. Wasu takardun rakiyar kaya ne. Soja a wani wuri zai rubuta wa kwamanda cewa ya aiko da alkama ta hannun mai raƙumi wane, ya faɗi yawanta da awon mutanen ƙasar, sannan ya juya shi zuwa mudun Rumawa. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar da tiyarta ta bambanta da ta garinsu ya san dalilin wannan juyi. Wani tsingaron kuma rahoton masu tsaron hanya ne: Garamantawa sun iso da sha'ir, alfadarai huɗu da jakuna huɗu. A ganinmu wannan gajeren layi ya fi dogon bayani nuna mene ne iyakar: wurin ƙirga masu shiga da fita ne da kayansu.

Garamantawan nan su ne mutanen Fezzan, babban birninsu Jarma, manoma masu jawo ruwa ta ramukan ƙarƙashin ƙasa. A kaburburansu an sami tulunan giya da mai na Rumawa da yawa, da jan akushi da kayan gilashi. An sami tsingaron amfora har kusa da Gat, zangon da fataken Hausa suka sani. A Abalesa cikin Ahaggar, kudancin Aljeriya, kabarin da ake dangantawa da Tin Hinan, matar da Abzinawan yankin suke ɗauka kakarsu, wanda aka buɗe a 1925, ya ba da fitilar Rumawa da tambarin kuɗin sarki Kustantin a kan ɗan ganyen zinariya. Daga nan zuwa kudu abin da ke tsallakowa ƙanana ne marasa nauyi, irin duwatsun ado na gilashi da tagulla da aka samu a Kissi, arewacin Burkina Faso. Dalilin a fili yake. Tulu na jirgi ne. Ba madugun da zai ɗora wa raƙumi kilo 30 na yumɓu alhali ga salka da tandu. Dokar kuɗin fito ta birnin Tadmur a Sham, ta shekara ta 137, da salkunan fatar akuya take ƙirga man zaitun da ke kan raƙumi. Fata kuwa ruɓewa take, ba ta barin shaida.

Hanyar ta bi ta ɗaya gefen ma. A ƙarni na uku akwai rundunar mutanen Arewacin Afirka a yammacin ganuwar Hadiriyan, a sansanin Aballava. A York da wasu sansanonin Sikotilan kuma an sami tukwane da aka gina da yumɓun wurin amma da siffar Afirka, masu zagayayyen gindi na ɗorawa a kan kaskon gawayi. Masaniyar tukwane Vivien Swan ce ta nuna haka. Mutum ya yi tafiyar watanni, amma tukunyar da ya saba da ita yake nema.

Daga wani manomi a yankin Tawa: Ruwa ya zaizaye gefen gonata, ga tsingaro da yawa da wata tsohuwar randa a binne. Ko ta Rumawa ce? Wani ya ce in tono ya saya.

Malam, kusan tabbas aikin kakannin ƙasar nan ne, kuma wannan bai rage mata daraja ba. A Bura, yammacin Nijar, wurin da aka gano a 1975, Bube Gado na cibiyar binciken IRSH ya tono ɗaruruwan randunan binne mamata a 1983, a kife, wasu da kawunan mutane da mahaya dawaki a sama. Bayan haka masu saye suka sa aka yi ta haƙa ba tsari, wurare da yawa suka lalace, har kayan Bura suka shiga jerin kayan tarihin Afirka da aka hana fataucinsu a duniya a shekara ta 2000. Dokar Nijar ta 1997 ta kare irin waɗannan kaya. Kada ka sayar, kada ka tono.

Ga dalili. Shekarun tukunya ba a jikinta kaɗai ake karanta su ba. Ana duba hawan ƙasar da take ciki, me ke samanta, me ke ƙasanta, da gawayi ko ƙashin da ke kusa, wanda shi ake aunawa a san shekaru. Da haka aka gane tsarin tulun Sifaniya, wanda bakinsa da hannunsa suka yi ta sauya siffa tsawon shekara fiye da 200, har ya zama ɗan guntun baki ya isa a ce ga zamaninsa. Randar da aka fizge daga gurbinta ta rasa duk wannan. Kuma kada a wanke ta ko a zubar da ƙasar cikinta. Maiƙon da ya shiga bango, irin wanda ya ɓata wa Inna man gyaɗa, shi ne ake ciro wa a ɗakin bincike a gane ko nono aka zuba, ko nama, ko mai.

Ka ɗauki hoto da salula daga nesa, yadda wani itace ko dutse zai fito a san wurin, sannan daga kusa, ka ajiye cokali ko takalmi a gefe don a ga girma. Ka mayar da ƙasa a kan abin da ya buɗe, ka tare hanyar ruwan da duwatsu, ka kewaye da ƙaya saboda dabbobi. Ka sanar da maigari, shi kuma ya kai maganar ga ofishin al'adu na jiha, ko IRSH, ko Gidan Tarihi na Bubu Hama a Yamai. Tsingaron da ruwa ya riga ya kwaso, in dole sai an ɗauke, a fi kula da baki da hannu da gindi da mai zane. A bari su bushe a inuwa, a naɗe a takarda, ba a leda ba don tana riƙe laima, a rubuta a kan takardar sunan gonar da ranar da aka tsinta.